Injin Jirgi a Garin da Kogi Ya Ƙafe

Ban taɓa zaton zan ga injin jirgin ruwa a Mayo-Oulo ba. Garin yana jikin duwatsu ne, a yankin Mayo-Luti na arewacin Kamaru, ba nisa da iyakarmu ta wajen Mubi, kuma a watan Fabrairun da na isa, kogin da garin ya ci sunansa ko ɗigon ruwa babu a samansa. Yashi ne fari fat a shimfiɗe, mata na tona rami a ciki suna kwarfar ruwa da ƙoƙo, shanu sun kwanta a tsakiya suna tuƙa. Mayo da Fulatanci kogi ke nan, sai dai kogunan ƙasar nan 'yan damina ne: a Agusta su tafi da jaki da kayansa, a Fabrairu yara su buga ƙwallo a cikinsu.

A tashar mota na ga injin, an naɗe shi da tsohuwar tabarma da buhu, farfelarsa ta leƙo waje kamar kunnen zomo. Mai shi saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ɗan garin, Hausa a bakinsa raɗau ko da yake Fulatanci ake yi a kasuwa. Shekara huɗu ya yi yana yaron jirgi a tafkin Lagdo, ya dawo gida ya sayar da bijimi biyu da gyaɗar bana, wani yayansa da ke Mubi ya samo masa Yamaha na hannu mai ƙarfin doki 15, aka tsallako da shi a bayan babur. Rigima na tarar suna yi da yaron mota. Shi yaron mota so yake ya cusa injin ta ka a bayan buhunan masara, saurayin kuma ya kafe sai an ɗora kan a sama, ƙafar a ƙasa.

"In kan ya fi ƙafa sauka, ruwan da ya rage a ciki zai bi hanyar hayaƙi ya gangara cikin silinda," in ji shi.

Yaron mota ya dubi busasshen kogi, ya dube shi. "Wane ruwa kuma? Injin da ya sha ƙurar Mubi?"

"Haka maigidana ya koya min."

Aka yi yadda yake so. Wannan taurin kai ne ya sa na zauna kusa da shi, kuma kafin mu kai garin Gidar na riga na sauya shawara. Garwa na nufa ziyarar dangi, amma na ce masa zan bi injin nan har in ga ranar da ya taɓa ruwa. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, sai ka shirya zaman jira, don ba zai taɓa ruwa ba sai Baba ya taɓa shi."

Hanyar ba ta da wani labari sai ƙura, da tsibin auduga fari tas a bakin ƙauyuka ana jiran motocin kamfanin Sodecoton, da shingen jandarma inda kowannensu sai ya ɗaga tabarmar ya leƙa. Muka hau kwaltar da ta taso daga Marwa, muka wuce Pitowa da dutsen Tingilin a gefe, la'asar sakaliya muka shiga Garwa, zafi kamar an buɗe murfin tukunya.

Wanda ya san Garwa ta talabijin, filin Roumdé Adjia ya sani, inda Tunisiya ta yi waje da Super Eagles da ci ɗaya mai ban haushi a Janairun 2022. Amma abin da ya raya garin tun farko kogi ne. Binuwai yana tasowa daga tsaunukan Adamawa, ya ratsa nan, ya shiga Najeriya ta Yola, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Neja a Lakwaja. A zamanin Turawa, in ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, manyan jirage kan hauro tun daga bakin teku da gishiri da siminti da mai, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 ya ɗauke kayan, yashi kuma ya yi ta cike kogin. Yau tashar na nan da tsofaffin rumbunanta, amma harkar ruwa ta koma hannun jiragen katako masu inji a gindi, da kwalekwalen masunta da masu ɗebo yashi, sai dorinar da kan fito da hanci ta yi huci a ƙasan gada.

Baban da ake magana tsoho ne siriri, asalinsa Basarke daga wajen Yawuri, iyayensa sun biyo kogi da koma suka zauna. Rumfarsa ta kara ce, ba nisa da gaɓa. Akwai gangar ƙarfe cike da ruwa da katako a gicciye a bakinta, akwai tsohon kwanon awo da ya cika da noti da wosha. Maganarsa kuwa gauraye ce. Abin da mu muke kira fulogi shi buji yake ce masa irin na Faransanci, sifana kuma wani lokaci kile, in ya fusata ya koma Fulatanci.

Na ɗauka zai fara da jan igiya ne a ji ƙarar inji, kamar yadda duk mai sayen na hannu yake ɗoki. Ko kallon igiyar bai yi ba. Ya ɗaura injin a kan katakon, ya cire hular, ya ɗauki sifana mai lamba 10 da mai lamba 12, ya shiga bin noti ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan tasbaha. Ba ɗaurewa yake ba, tambayarsu yake. Ya ɗora sifana, ya ɗan taɓa, in notin ya tsaya ya wuce, in ya motsa sai ya yi tsaki ya dube mu. Guda biyu a gindin kafireta suka motsa. Ɗaya a jikin sandar tuƙi da yatsa ma ya juya. Na huɗu, a murfin wajen hayaƙi, juyawa ya yi ta yi ba ya kamawa.

"Ka gani? Wannan ba sakaci ya kashe shi ba, ƙarfi ne," in ji tsohon. "Wani ƙato ya hau kansa."

A nan ya yi min karatun da ban taɓa ji daga bakin makanike ba. Jikin injin alminiyam ne, notin kuwa ƙarfe. Alminiyam ya fi taushi, saboda haka in aka matsa fiye da ƙima, haƙoran ramin ne ke cinyewa, ba notin ba, kuma rami a jikin inji ba a sayo shi a shago. In ya ɗau zafi kuma, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, ya huce ya koma, gobe haka, jibi haka. Ga kuma girgiza: irin wannan inji duk juyi ɗaya sai ya buga wuta, kuma in an sake masa mai yakan yi juyi wajen dubu biyar a minti guda. Noti ba ya kwancewa rana ɗaya, da kaɗan-kaɗan yake sulalewa, sai ranar da gasket ta fara shaƙar iska ko sandar tuƙi ta zo maka a hannu. Littafin masu ƙera injin ya ba kowane noti ma'aunin ɗaurinsa, har akwai sifana ta musamman da ke yin ƙas in an kai. Tsohon ba shi da ita. Dabararsa ita ce ya riƙe sifanar kusa da kai, da yatsa uku, yadda ko ya so ya zalunci notin hannunsa ba zai ba shi dama ba. Na kan silinda kuwa ya ce ba a taɓa su sai inji ya huce, kuma a gicciye ake bin su, wannan sannan na daura da shi, don kada murfin ya karkace.

Ni dai a raina na ce ma'aunin littafi ya fi yatsa uku, don yatsan tsoho ba ya gadon almajiri. Amma ban faɗa ba, baƙo ne ni, kuma shayinsa nake sha.

Sai ya sauko ƙafar injin. A jikin tulun giya akwai ƙananan noti biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ya tara gwangwani, ya kwance na ƙasa, sannan na sama, man ya zubo. Man giya mai lafiya kalar zuma yake ko ya ɗan yi duhu. Wannan fari-fari ya fito, kamar shayin da aka cika wa madara. Saurayin ya dafe kai.

"Ruwa ya shiga," in ji tsohon, ko a jikinsa. "Bari ka ga ɓarawon."

Ya juya farfela. Notin da ke riƙe ta yana da tsaga a kai, kuma ƙa'ida a zura wani ɗan fil mai ƙafa biyu ta cikin tsagar a lanƙwasa, shi ke hana notin juyawa. A nan ƙusar kafinta aka zura, ta yi tsatsa har ta kusa rabewa. Tsohon ya zaro ta da filaya ya ɗora a tafin hannuna, ya ce in kai wa mutanen Mubi tsaraba. Da farfelar ta fita, sai ga zaren koma, irin na roba, ya naɗe sandar tam, zafi ya narkar da shi ya zama kamar zobe. Shi ne ya ci robar da ke tare ruwa, ruwa ya sami ƙofa. Ganin kitse aka yi wa rogo: fentin hular sai sheƙi, ciki kuwa saura ƙiris haƙoran giya su fara cin juna. Ya sa sabuwar roba, ya shafa giris a sandar, ya mayar da farfela da sabon fil. Man kuma ta ramin ƙasa ya ɗura shi, yana matsa robar man har sai da ya ɓullo ta ramin sama, don in ta sama aka zuba iska kan maƙale a ciki a zaci ya cika. Masu ƙera injin sun ce a canza man nan duk bayan awa 100 na aiki. Na yi lissafi a zuci: mai jigilar da ke awa biyar a ruwa kullum, kwana ashirin ke nan. Na tambayi tsohon mutum nawa ke yin haka. Ya ce, "Masu jirgin kansu. Yaran haya kuwa sai ya yi kuka."

Abu na ƙarshe da ya buɗe shi ne famfon ruwa. Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota, kogin da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ya sanyaya kansa, kuma abin da ke zuƙar wata 'yar roba ce mai fukafukai shida da ba ta kai tafin hannun yaro ba. In aka tayar da inji a tudu babu ruwa, kafin ka ƙirga ashirin ta ƙone. In kuma ana bin ruwa marar zurfi, yashi ke gurje ta. Ta wannan injin ta fito fukafukai biyu a guntule, kwanon da take juyawa a ciki duk ya yi zane. Tsohon ya lakato yashin da yatsa ya nuna wa saurayin.

"Na garinku ne wannan."

Wasa yake yi, amma akwai gaskiya a ciki. Duk abin da damina ta wanko daga duwatsun Mayo-Oulo, Binuwai ne makomarsa, kuma Mayo Luti da Mayo Kebbi suna juye nasu yashin a cikinsa kafin ya iso Garwa. Yashin da na ga shanu na kwance a kai shekaranjiya, shi ne bayan wasu damuna zai zo nan ya ci robar wani.

Sai da magariba ta kawo jiki aka cika gangar, aka ja igiya. Ja na uku ya kama, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe rumfar. Ba wanda ya dubi injin, kowa gefensa ya zuba wa ido, inda wani siririn ruwa ke tsartuwa. Fitsarin inji suke ce masa, kuma muddin yana fitsari famfo na aiki. Tsohon ya tara hannu ya ji ɗuminsa, ya gyaɗa kai.

Washegari muka bi hanyar Ngaundare, muka ratse hagu zuwa Lagdo, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Sunan nan ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Najeriya, don duk shekarar da ambaliya ta yi ɓarna, kamar 2012 da 2022, shi ake fara ambata, tare da madatsar Dasin Hausa da aka ce za mu gina a Adamawa ta tare ruwan, har yau shiru. 'Yan Sin ne suka gina ta Lagdo tsakanin 1977 da 1982, tana ba da wuta megawat 72, ta kuma tara tafkin da ya doshi murabba'in kilomita 600. In ka tsaya a gaɓa ba ka hango ɗaya gefen, sai duwatsu da suka zama tsibirai. Kifi ya jawo jama'a daga ko'ina: Musgum da Kotoko daga wajen Logon, Hausawa, Jukunawa, har mutanen Mali. Giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa ake banda a bakin gaɓa, ƙaurin hayaƙin kuwa sai ya kwana uku a rigarka.

Jirgin da saurayin zai ɗora wa injin na tsohon maigidansa ne, za su riƙa raba abin da aka samu. Da asuba, ana idar da salla, na same shi a gaɓa yana haɗa mai. Fetur ɗin zuwa-zuwa ne, wato na Najeriya da ake shigowa da shi a jarka, wanda ya yi tsada tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023. Ta cikin ƙyalle ya tace shi, ya ce a cikin jarkar bakin titi ba abin da ba a samu, daga ruwa har ƙasa. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai, a cikin fetur ake zuba masa, kashi ɗaya cikin hamsin: tankin lita 25, rabin lita ke nan. Da mai ya yi tsada, wasu suka koma rage wannan rabin litar, ko su zuba baƙin man mota da aka juye. Ribar kwana biyu ce, fistin ne ke biya.

Sannan ya ɗora injin a katakon gindin jirgi. Abin da ke riƙe shi maƙalai biyu ne masu hannu, ana murɗa su da yatsu har su ciji katako. Inji mai kusan kilo 40, kuɗin bijimi biyu da gyaɗar shekara, a kan waɗannan biyun kaɗai yake rataye. Katako kuwa rai gare shi: ya sha ruwa ya kumbura, ya sha rana ya tsuke, ƙarfen ya yi ta nutsewa a cikinsa, abin da ka ɗaure da safe ka tarar ya saki da azahar. Ya murɗa su, ya kama injin ya jijjiga da ƙarfi, ya ƙara murɗawa, ya ɗaure hannayen biyu da igiya don kada su juya. Ya kawo wata igiyar mai kauri ya ɗaure injin da jikin jirgi. Ya ce a tafkin nan akwai itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye, in ƙafar inji ta daki ɗaya sai ya yi tsalle, kuma ya san wanda nasa ya tafi ƙasa yana ƙara. Ya duba fil ɗin farfela da tsohon ya sa shekaranjiya. Ya kwance fulogi, ya dubi bakinsa, ya mayar da yatsa har ya zauna, sannan ya ɗan ƙara da sifana. Fasinjoji na ta ƙorafi rana na yi. Wata dattijuwa mai kwandunan banda ta ce su ƙyale yaro, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu goma sha ɗaya muka tashi, da buhunan gishiri da akuya guda. Injin na tafiya sumul, yana fitsarinsa, saurayin na riƙe da sanda yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Mun yi kamar minti ashirin, gaɓa ta zama zare a bayanmu, sai ƙarar ta fara sauka. Ta ɗan farfaɗo, ta yi tari sau biyu, ta ɗauke.

Shirun tsakiyar ruwa daban yake da na tudu. Mota in ta mutu a hanyar Gidar, sai a sauko a nemi inuwa, wani ya tura, wani ya tafi neman makanike a babur. Nan babu gefen hanya. Iskar hunturu ta juya jirgin ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, ruwa ya fara dukan katako yana fantsamo mana, akuyar ta soma kuka. Filafili ɗaya ne a jirgin. Wani ya fara salati a hankali. Saurayin ya ja igiya sau biyar, sau goma, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya cire hula, ya taɓa wayar fulogi, ya bi notin da aka bi shekaranjiya, duk suna nan daram. Ya matsa 'yar robar da ke tura mai, ta lotse a hannunsa ta ƙi tasowa.

Dattijuwar ce ta nuna da baki. "Ɗan nan, tankinka fa ya shanye ciki kamar mai azumi."

Muka duba. Jan tankin ya lotsa ta gefe biyu. A kan murfinsa akwai wani ɗan noti da ake sassautawa kafin a tashi, don iska ta shiga ta maye gurbin man da inji ke sha. A mota an ɗaure shi tam saboda kada mai ya zube, da safe kuma, cikin ɗokin ɗaure komai, hannunsa ya bi ta kansa ya ƙara masa ɗauri. Ya murɗa shi baya sau biyu. Tankin ya ja numfashi, fiii, ya koma yadda yake. Ya matsa robar har ta yi tauri, ja ɗaya injin ya kama.

Ba wanda ya yi dariya sai da muka hango bukkokin tsibirin, sannan jirgin ya ɓarke gaba ɗaya, har da mai salatin. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, don Allah kada Baba na Garwa ya ji."

"Sai ka saya da kifi," in ji ta.

Da yamma muka dawo. Ya kwance igiyoyin, ya sassauta maƙalan, ya tsayar da injin a tsaye har ruwan cikinsa ya tsiyaye, don ba a barin inji ya kwana a gaɓa. Ya saɓa shi a kafaɗa, kai a sama, ya nufi cikin gari, sifana mai lamba 10 na reto a wuyansa da zaren koma.